Mabiyiyar da Muka Bari a Ciki

Ku 'yan makarantar koyon jinya da kuke zuwa gaishe ni ran Juma'a, na ji abin da ɗayarku ta faɗa a zaure kuna sa takalma. Wai aikin mai taya likita a ɗakin tiyata ba wani abu ba ne, miƙa almakashi, karɓi almakashi. Ban ji haushi ba, don ina kamar ku na faɗi abin da ya fi wannan wauta. Amma tunda kun ɗauka kunnena ya mutu, bari in ba ku labarin wani aiki guda da muka yi, wanda har na ajiye farar riga ban gama gane kansa ba.

Ni Ramatu 'yar Zurmi ce, kuma 'yar ungozoma. Tun ban iya ɗaura zane da kyau ba nake bin innata da ƙwarya gidajen haihuwa. Abu na farko da na koya a gindinta shi ne mace ba ta haihu ba sai mabiyiya, wadda mutanenmu ke ce wa uwar ɗa, ta faɗo. Ko jariri yana tsala kuka a kan tabarma, ba mai guɗa, ba mai cewa barka, ba mai aikawa ƙofar gida a gaya wa maza. In mabiyiya ta yi gardama, a zura wa mace muciya a maƙogwaro ta yi kakarin amai, ko a ba ta kwalba ta hura, ko a shaƙa mata barkono ta yi ta atishawa. In ta faɗo a wanke ta tas, a binne a bayan ɗaki, sannan bakin kowa ya buɗe.

Da na gama firamare aka ɗauke ni aikin shara da wanki a wani ƙaramin asibiti a Kaura, lokacin jirgin ƙasa yana zuwa kwasar gyaɗa. Mai kula da ɗakin tiyata wata Kirista ce daga kudancin Zariya, Sista Rifkatu, gajera, mai faɗa kamar an aiko ta. Ta lura ina wanke zannuwan jini ina cin gyaɗata hankali kwance, sai ta ce wannan ba ta yarwa ba ce, a ba ta ni. Daga baya aka tura ni kwas na dawo, amma gaskiya aikin a hannunta na koye shi.

Tawul ta fara koya mini, ba wuƙa ba. Ƙananan tawul ne farare da muke dafawa a babbar tukunya kan risho tare da sauran ƙarafa. In an buɗe ciki, da su ake tsane jini. Sai ta ɗauki wanda ya jiƙe ta ɗora mini a tafin hannu, ta ce in ji nauyinsa, in gaya mata ko matar za ta iya rasa wani kamarsa. Ba mu da na'urar da za ta yi mana wannan lissafi, hannu ne da ido, da kallon leɓen mara lafiya. Bayan tawul sai fosef, ɗan awartakin da ake matse bakin jijiya da shi. Ba a jira likita ya tambaya. In kin ga jini ya yi tsartuwa, fosef ya riga ya isa tafinsa, in ba haka ba ki ji gwiwar hannun Sista a haƙarƙarinki.

Ranar da aka fidda jariri kuwa, dabarun tsayar da jini a jere suke a kaina kamar karatun allo. Da kan yaro ya fito, a yi allurar da ke sa mahaifa ta dunƙule. A ciro mabiyiya. A murza mahaifa da hannu har ta yi tauri kamar ɗanyar gwanda. In ta ƙi, a danna mata tawul mai zafi. In ta ƙi, a ɗaure ƙasanta da robar fitsari, a tamke. In abin ya gagara, ki dunƙule hannu ki danne babbar jijiyar da ke kwance kan ƙashin baya, ki tsaya a haka ko kafaɗarki za ta cire, har likita ya gama ɗinki. Bayan an gama a shimfiɗa mabiyiya a faranti a duba ta gaba da baya, don ko ɗan yanki kamar ƙwayar goro ya saura a ciki, zai iya kwantar da mace har lahira. Kun ga ke nan innata da Sista, da ba su taɓa haɗuwa ba, kuma da sun haɗu da faɗa za su yi, a kan wannan magana ɗaya bakinsu ɗaya ne. Mabiyiya ba ta kwana a ciki.

Sai shekarar fari ta zo, muna ƙarƙashin Sakkwato a lokacin, ba a yi Zamfara ba. Dama samun jini wurin mazan ƙauye sai an kai ruwa rana. Ka ce wa mutum matarsa na bukatar jini, ya ce da wanne zai yi noma. A shekarar nan kuwa har masu son bayarwa ba su da shi. Namiji ƙato zai miƙo hannu da zuciya ɗaya, ka ja fatar idonsa ka ga fari fat kamar takarda, ka ce ya tafi abinsa. Firijinmu mai kananzir yana nan yana ta aiki, ba komai a cikinsa sai magunguna.

Cikin wannan hali aka kawo Hajara daga Dauran, da hantsi, a bayan motar fatu, don a shekarar fatun shanun da suka mutu su ne kayan da motoci suka fi ɗauka. Cikinta ya kai wata tara, jini yana zuba ja wur, kuma ba naƙuda, ba ciwo. Wannan alama ce da muka sani: mabiyiya ta sauko ta tare ƙofa, ba a sa yatsa, sai tiyata. A marar Hajara akwai tabon tiyatar haihuwar fari, wadda ɗan bai zo da rai ba. Tare da ita akwai mijinta Mamman, siriri kamar kara, da yayar ubanta, Goggo Tumba, wadda ita ce ungozomar unguwarsu. Aka gwada Mamman, ba abin ɗiba a jikinsa.

Likitanmu mutumin kudu ne, muna kiransa Likita Sannu-sannu don ita ce Hausar da ta fi zama a bakinsa. Ya buɗe ciki, sai na ga ya janye hannuwansa ya harɗe su a ƙirji. Ban taɓa ganin ya yi haka ba. Na leƙa. Ƙasan mahaifar, daidai wurin da aka saba yankawa, jijiyoyi ne shuɗaye masu kaurin yatsa, sun kanannaɗe, sun tsallaka har kan mafitsara. Ina riƙe da wuƙa ina jira, shi kuwa yana tsaye yana kallo.

Can ya karɓa, amma maimakon ƙasa sai ya yanka can sama, inda ba a yankawa. Ya jawo yaro ta ƙafa, namiji, ya kuwa callara kuka. Mai ba da maganin barci ya ɗaga allurar dunƙule mahaifa kamar kullum, likita ya daka masa tsawa ya ce ya ajiye. Allurar da in ka manta da ita Sista za ta yi mako ba ta amsa gaisuwarka, yau ita aka hana. Ni kuma hannuna ya riga ya tafi kan igiyar cibiya, na ɗora faranti a gefe.

"Kar ki taɓa!" in ji shi. Ashe ya iya wata Hausar.

Ya ɗaure igiyar can gindinta, ya yanke, ya mayar da guntun ciki, ya miƙo hannu yana son zaren ɗinki. Na ɗauka ruɗewa ce ta sa ya manta.

Na ce, "Likita, mabiyiya."

Ya ce, "Na gani."

Na dubi Sista Rifkatu. Matar da ta rene ni a kan duba faranti, ita ce ta zare zaren daga hannuna ta ba shi. Ina ji ina gani aka ɗinke mahaifa da mabiyiya sukutum a ciki, aka ɗinke fata. Kaina ya ɗaure tamau. Abin da ya ƙara ɗaure shi, da na zo kwashe tawul, waɗanda suka jiƙe ba su kai na haihuwar lafiya lau ba. Leɓen Hajara bai ƙara fari a kan yadda ta zo ba.

Muna wanke hannu Sista ta yi mini bayani. Mabiyiyar ta kama a kan tsohon tabo, ta yi saiwa ta huda naman mahaifa ta fita ta baya. In an ja, ba za ta ɓanɓaru ba, jijiyoyin ne za su buɗe baki gaba ɗaya, ba fosef ɗin da zai kama su. A cire mahaifar dukanta kuma, aiki ne da ke shan jini leda-leda, mu ko ɗigo ba mu da shi. A tura ta Gusau, ba za ta kai ba.

Na ce, "To, Sista, ta ina za ta fito?"

Ta ce, "Ko ta fito da kanta, ko jiki ya shanye ta, ko ta ruɓe ta kashe ta."

"Wanne daga ciki?"

"Ramatu, ki bar ni in wanke hannuna."

Ina fitowa na iske Goggo Tumba zaune a bakin ƙofa da sabuwar ƙwarya an rufe da faifai. Ta riga ta ga jariri, ta ji ɗiyarta na numfashi, amma fuskarta ba ta saki ba. Ta miƙo mini ƙwaryar.

"Ɗiyata, zuba min ita nan. Na sa an gina rame tun da sahe."

Na ce, "Goggo, tana ciki."

"Cikin mi?"

"Cikin Hajara."

Ta dube ni tun daga ɗankwali har takalmi. "Kun hudda ɗa kun bar uwa tai? Kun buɗe ciki da hannunku, kuna ganin ta, kunka ɗunke? Ke ɗiyar wa ta?"

Na gaya mata sunan innata. Ta san ta. Ta ce, "Kuma kina tsaye anka yi haka?" Tambayar da nake yi wa kaina ke nan.

Likita ya ce Hajara ba za ta koma Dauran ba sai abin da hali ya yi, kuma kada kowa ya danna cikin, kada a ba ta komai na gida. Da yake ni ce mai jin harshen mutanen, aka ce in ba tiyata, wurin zamana gefen gadonta. Wato an sa ni gadin abin da ni kaina ban yarda da shi ba. Aikin kuwa ba sauƙi: allurar penisilin safe da yamma har ɗuwawunta suka yi tauri, auna zafin jiki, duba ƙunzugu a ga kalar abin da ke fita, a sansana. Goggo Tumba ta shimfiɗa tabarmarta a ƙarƙashin gadon ta tare. Duk tsumman da na cire sai ta karɓa ta kai bakin taga ta bincika.

Wata rana na dawo daga sallar azahar na iske Hajara da kwalbar man gyaɗa a baki tana hurawa. Na fizge. Na yi faɗa har mata suka ɗaga kai daga gadajensu. Goggo ba ta ko tashi ba, ta ce, "Uwakki da mi taka hudda ta in ta ƙiya?" Da kwalba, mana. Ni ma na sha riƙe wa mata ita. Ranar hutu na hau mota na je Zurmi na kwashe labarin na gaya wa innata, ina fatan ta ce mini ta taɓa ganin irin haka. Ta ajiye tsinkin da take sakace da shi, ta ce, "Ku hudda ta, ko ku nemi likkahwani." Na dawo Kaura kaina ya fi da ɗaurewa.

Ranar suna Mamman ya zo ya tsaya daga bakin taga ya ce an raɗa wa yaro Garba. Maza ne kawai suka yi fatiha a masallaci, mata ba su taru ba. Ba wankan jego, ba kunun kanwa, don Goggo ta ce ba a fara jego a kan haihuwar da ba ta ƙare ba. 'Yan Dauran in sun zo dubiya sai su durƙusa su ce, "Sannu da jiki," kamar mai zazzaɓi, su leƙa fuskar yaron su yi shiru su tafi. Matan gadajen kusa kuwa kullum ana shigo musu da barka da guɗa, su kwana biyu su tafi gida.

Hajara ba mai magana ba ce. Rannan ina gyara mata ƙarin ruwa, yaron yana kan nono, ta ce a hankali, "Malama Ramatu, ni na haihu ko ban haihu ba?"

Na buɗe baki in ce kin haihu mana, ga ɗa a hannunki. Maganar ta ƙi fita. Ni ɗin ma tun da aka fito da ita ban ce mata barka ba, bakina ya ƙi. Tausayinta ya kama ni har na ji ƙwalla, na yi ta murɗa robar ƙarin ruwan da ba abin da ya same ta.

Sai zazzaɓi ya sauko. Jikinta ya yi zafi rau, abin da ke fita ya koma baƙi, ga wari, har aka matsar da gadonta kusa da ƙofa. Likita ya ƙara wasu allurai, yana zuwa yana tsayawa a kanta yana cewa sannu-sannu. Na ce wa Sista don Allah ta tambaye shi da Turanci, sau nawa ya taɓa yin irin wannan. Ta tambaya. Ya ce bai taɓa ba, bai kuma taɓa ganin an yi ba, wani malaminsu ne ya taɓa ba su labari. Da ban tambaya ba da ya fi mini.

Da la'asar ɗin ranar na ji ƙaurin barkono. Goggo ta kwance bakin zanenta, ga garin a tafin hannunta, ta ɗago kan Hajara. Mamman yana bakin taga, ya riga ya yi magana da mai motar da zai mayar da su Dauran. Na riƙe wuyan hannunta. Tsohuwa ce amma hannun kamar taɓarya.

"Sake ni," in ji ta. "Ɗiyar ƙanena tana ruɓewa da rai, kina jin wari awa yadda nike ji. In mutuwa za ta yi, ta mutu mun yi wani abu."

Ban yi mata faɗa ba, ƙarfin faɗan ya ƙare mini. Na ce, "Goggo, wallahi ni ma ban san ko daidai anka yi ba. Innata ta ce a hudda ta. Likitan da kansa bai taɓa yi ba. Abu guda ɗai na sani, na ga cikin da idona."

Ta ce, "Kin gani?"

"Na gani."

"Awa mi?"

"Awa saiwar icce da tas shiga ƙarƙashin katanga. In kin tuge ta, da katangar za ta taho. In ta yi attishawa tab ɓalle, kahin ki ɗauko ƙwarya an gama, kuma ba mu da jinin da za mu maida mata."

Ba ta ce ta yarda ba. Ta buɗe tafin hannunta ta karkaɗe barkonon a cikin nawa, ta ce wa Mamman ya sallami mai mota. Ni na yi ta atishawa har magariba.

Kada ku tambaye ni wace allura ce ta yi aiki, ban sani ba. Zazzaɓin ya yi ta tafiya yana dawowa, sannan ya tafi bai dawo ba. Ɗan abin da ke fita baƙi-baƙi ne kamar dusar da ta jiƙe, Goggo ta duba kowanne, ba wanda ya isa a kira shi mabiyiya balle a binne. Cikin dai yana ta sauka a hankali. Ba mu da hoton da za mu leƙa mu gani, kullum sai dai likita ya ɗora hannu sama-sama ya gyaɗa kai ya wuce. Ruwa ya sauka, gero ya kai gwiwa, Garba ya fara yi wa mutane dariya, uwarsa tana zaune a gadon asibiti ana ce mata sannu da jiki.

Wata safiya likita ya duba ta ya daɗe, ya danna nan ya danna can, ya ce wa Sista a sallame ta. Goggo Tumba ta miƙe daga tabarma ta ce ba inda za su sai ta taɓa da hannunta. Na dubi likita, ya ɗaga kafaɗa ya matsa gefe.

Ta shafa man gyaɗa a tafinta, ta kwantar da Hajara, ta bi marar daga ƙugu zuwa ƙugu. Ta nutsa yatsu ƙarƙashin cibiya. Ta koma ta sake daga farko. Hannun da ya shekara arba'in yana lalube cikin mata bai sami komai ba. Ta ɗago ta dube ni.

"Ina tat tahi?"

Na ce, "Goggo, ban sani ba."

Ta dubi Sista, Sista ta girgiza kai. Ta dubi likita, shi ma ya buɗe tafukansa. Mu huɗu muna tsaye a kan mace ɗaya, kowa da iliminsa, ba mai amsa.

Tsohuwa ta goge hannunta a zane. Ta ce, "To. Wanda yad dasa ta, shi yaɗ ɗauke abinai."

Sannan ta ja wa Hajara riga ta rufe mata ciki, ta ɗauki Garba ta ɗora mata a cinya, ta durƙusa a gaban gadon kamar baƙuwar da ta shigo yanzu.

"Hajara," in ji ta, "barka da arziki."

Hajara ta rungume yaron. Ta ja mayafi ta rufe fuskarta da ta yaron gaba ɗaya, kafaɗunta suna rawa. Daga can ƙarƙashin mayafin muka ji ta ce, "Goggo, ƙara hwaɗi."